Rigar Sanyi Mai Jan Zare

Mama,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba, ya fara taka ta? Ni lafiyata lau. An dai rage mana kwanakin aiki a gidan wankin, tagar ɗakina kuma ba ta rufuwa sosai, amma ina lallaɓawa.

Kin tuna rigar sanyin da kika yi wa faci da jan zare? Bara na saka ta a kwandon taimako na coci, don ina da biyu. Gaskiya sai da hannuna ya yi nauyi. Ɗayar kuwa na manta ta a mota watan jiya, ban gaya wa kowa ba.

Ran Lahadi matar fasto ta dube ni ta ce, "'Yata, haka kike yawo cikin sanyin nan ba riga mai kauri?" Ta zaro riga daga kwandon. Mama, jan zarenki na gani. Wadda ta ɗauke ta ta sa, har zif ta gyara kafin ta mayar da ita kwandon.

Zannuwan da kike ajiye mini, ki ba mai bukata. Ubangiji ya fi akwatinki iya ajiya.

'Yarki