Masu Shinshinar Gawar Badeloga

Zuwa ga ƙanena Fada Boidin, a gidan sufaye. Gaisuwa, da fatan azumi bai ƙarasa ka ba.

Yaya Badeloga ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakin nan na jikin coci da aka toshe ta a ciki shekara ashirin da biyu tana ganawa da Almasihu. Gawa ba ta huce ba mutanen gari suka fasa bangon da guduma, kowa na neman tubarraki. Mata suka tsige gashinta har da fata. Maƙeri Hanekin ya guntule mata ɗan yatsa, wai matarsa na naƙuda. Na ce, "Kai ɗan banza, da tana raye ko gurasa ka taɓa miƙa mata?" Ya naushe ni, haƙorana biyu suka zube. Sai ga mutanen ƙetaren kogi da gatura, su ma waliyyiya suke so. Mutum huɗu aka kashe a ƙofar coci. Cikin hargitsin gawa ta ɓace.

Yayarka, Zuta mai kifi.

Zuwa ga Yaya Zuta. Salamar Ubangiji ta tabbata gare ki.

Na yi kuka. Amma Badeloga ta Ikilisiya ce, ba tamu ba. Shugabanmu ya tanadi akwatin azurfa don zuciyarta. Gawar waliyyi ba ta ɓoyuwa, ƙamshin fure take yi. An tura mutane su bi gida gida da hanci. In kin san wani abu, ki faɗa.

Mai yi miki addu'a, Boidin.

Ƙanena, ina gaisuwa da bakin da ya rage.

Masu hancinku sun zo. Sun ji ƙamshi a gidan gwauruwa Marote, mai shanya furanni, suka karya mata hannu, suka cinna wa gidan wuta. Da suka iso rumfata na ce, "Bismillanku, iyayen gida, ku buɗe gangar kifin nan." Babbansu ya toshe hanci ya ce, "Matsa can, ƙazama!" Suka wuce.

Kai ba ka taɓa tsayawa a tagar ɗakin Badeloga ba. Ni ce mai kwashe mata bahaya. Ranar Lahadi, kafin ta rasu, ta kama hannuna ta ce, "Zuta, gaba ɗayana na ba Shi kaina. Kada ki bari a kai Masa ni guntu-guntu."

Na je wurin Hanekin da wuƙar fawar kifi. Ya mayar da yatsan, bayan na rage masa nasa.

Zuta.

Yaya, don girman gicciye, tana ina?

Boidin.

Ƙanena, a gaishe ka.

Yatsunta goma cif. Jiya jirgin mijina ya fita da gangar kifin nan, ya dawo babu ita. Ka ce wa shugabanku ya je ya shinshina teku.

Ka huta lafiya. Zuta.