Littafin Malam da Na Sa wa Reza

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya jiki, ya haƙuri da zaman wurin? Tarin nan naka ya lafa ko yana nan? Mu dai lafiya lau, sai kewa. Mama tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi, har ta fara takawa zuwa bakin ƙofa.

Bayan gaisuwa, babban wanka, Yaya, ya zo ya isar da saƙonka. Ya zauna a kujerarka yana ta murza hannu, da ƙyar maganar ta fito: wai in daina zuwa gidan yari, wai ba za ka ƙara fitowa wurin ziyara ba, wai in ina so ka sawwaƙe mini in faɗa, in yi gaba da rayuwata. Haba Malam! Ni ka aiko wa wannan? To na ji, kuma ban karɓa ba. Tsautsayi ne. Bawan Allahn da ka buge da mota ya rasu, Allah ya jiƙansa, kotu ta yanke maka shekarunta kana yi. Ni wa na buge da za a yanke mini nawa hukuncin? Zuwa nawa na yi ina zaune a bencin nan har ƙafata ta yi tsami, gandiroba ya dawo yana kawar da kai ya ce ka ce a ba ni haƙuri. Wallahi in na fito ko hanya ba na gani sosai.

Amma bari in ajiye wannan, don yau da aiki na zo. Shugabarmu a laburare ta ɗora mini shirya gasar karatu ta bana, kuma ka san a kan wa? A kan Tsohon Baturenka, marubucin nan na Ingila da ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu, wanda littattafansa suka cinye mana kantar sama a falo. Ta ce tunda ni matar malamin adabi ce ai abin a jinina yake. Ina ruwan jinina! Kai shaida ne, mutumin nan sai ya cinye shafi guda yana kwatanta ƙofa kafin wani ya ƙwanƙwasa ta, ni kuwa kafin a buɗe na yi barci.

Tsarin shi ne kowane wata da jigonsa da littafinsa: watan marayu, watan rigimar gado, watan mayaudara, watan komowa gida. Wanda ya kai ƙarshe a ba shi takardar yabo, a liƙa hotonsa a allo. Shugaba har ta ce a sa watan kurkuku, sai ta dube ni, ta shiga gyara gilashinta. Ni ban san wane littafi ya dace da wane wata ba. Ka taimake ni. In ba za ka amsa wa matarka ba, ka amsa wa ma'aikaciyar laburare da ke neman shawarar malami, ko layi biyu ne.

Ka huta lafiya. Allah ya fito mana da kai.

Taka, ko kana so ko ba ka so,
Uwar Rigima

*

Malam,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kana lafiya, kana kuma samun cin abinci. Mama lafiya, kullum sai ta tambaye ni ko ka yi ƙiba, ni kuma in ce mata e, Allah ya yafe mini.

Shiru kake ji. Ko ma'aikaciyar laburaren ma ba ta samu amsa ba. To madalla. Na zaɓi littattafan da kaina, na duba bangon baya na kowanne na yi ta canka. In na sa littafin mayaudara a watan marayu, alhakin mutane a wuyanka.

Yanzu ka zauna da kyau, don abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba. Ka tuna koren littafin nan na Tsohon Bature, wanda shi kaɗai ne ba ka taɓa karantawa ba, ka ce ka ajiye shi sai ranar da ka yi ritaya don kada ka wayi gari ba sauran sabon labari daga wurinsa? Wanda ko ƙura zan goge sai ka taso ka karɓe tsumman? Na sauko da shi. Na sa masa reza.

Dalili biyu ne. Na farko, gandiroba ya ce ba a shiga da littafi mai bangon kwali. Na biyu, mai ɗinkin littattafanmu ya ba ni labari muna hira cewa asali ma ba dunƙule mutumin ke fitar da labaransa ba, gutsure-gutsure yake sakin su wata-wata, mutane su yi ta zumuɗin jiran na gaba. Sai na ce a raina, ashe tsohon nan mugu ne, kuma zan koyi muguntarsa. A laburare mun yi doka, kowa ya tsaya a babin da aka yanka masa sai an haɗu ranar taro. Kai ma na sa sunanka a gasar, kai ne na farko a jerin. Ga kashin farko nan tare da wannan wasiƙa, na ɗinke shi da zare da hannuna.

Garin yankawa har na yanke yatsa, in ka ga ɗigon jini a gefen shafi nawa ne. Na san za ka yi fushi. Don Allah ka yi! Ka fito ka zage ni tas a gaban gandirobobi, ka ce ban da hankali, ka ce ban san darajar littafi ba. Zagin ma so nake. Wannan shirun shi ke cin raina.

Sai na zo ranar ziyara da kashi na biyu.

Matarka,
Uwar Rigima

*

Maigidana,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka, ko da yake na san ba amsa zan samu ba. Allah ya sa kana lafiya.

Malam, na gaji. Na zo da kashi na biyu ba ka fito ba, zuciyata ta karye na bar maka shi a teburin gandiroba. Na uku ma haka. Na koma kamar mai kawo wa mara lafiya abinci ana karɓa ta taga. Ranar nan a wurin aiki ina jera littattafai a kanta sai kawai hawaye ya ɓalle mini, wata tsohuwar nas da ke cikin gasar ta same ni a tsugune, ta zaci labarin marayun ne ya taɓa ni, ta dafa ni tana cewa ita ma wurin ya sa ta kuka. Ban gyara mata ba.

Gasar tana tafiya da ɗingishi. Ɗaliban da suka rubuta suna yawancinsu cajin waya da iskar fanka ke kawo su. Masu karatun gaske su ne nas ɗin nan, da wani tela da ke zuwa da ƙamus a aljihu, da wasu 'yan mata biyu masu gardamar tsiya. Shugaba kullum sai ta leƙo ta ce mutane sun yi kaɗan. Ni da mutum ɗaya kawai nake nema a gasar nan, me zan ce mata?

A gida kuma an fara. Yayata ta zo ta zaunar da ni, wai tunda da bakinka ka ba ni zaɓi in karɓa tun ina da sauran ƙuruciya, wai namijin da ya ƙi ganin fuskarka ya gama magana. Na kore ta da faɗa, amma bayan ta tafi maganar ta zauna mini a ƙirji, har yau ba ta sauka ba. Malam, tsoro nake ji. Ina tsoron ranar da zan tashi in ji ba zan iya zuwa bencin nan ba.

Sai jiya gandiroban nan mai furfura ya tausaya mini ya ɗan tsegunta mini wani abu. Ashe kana karantawa! Ba ma kai kaɗai ba, wai da rana bayan an dawo daga aiki mutanen ɗakinku suna kewaye ka kana fassara musu, har da canza murya, har wani da aka kawo kan fashi ya rantse in ya fita sai ya nemo mugun kawun nan na cikin labarin. Na yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma abin ya ba ni haushi. Wato kowa yana jin muryarka ban da ni.

To ka ji da kyau, kuma ka faɗa wa jama'arka. Daga yau ba sauran ajiya a tebur. Kashi na huɗu yana jakata, kuma na duba, na ukun ya tsaya daidai inda ake buga ƙofa ba a san ko waye ba. Mai son sanin wanda ke bakin ƙofa ya turo malaminsa ya karɓa hannu da hannu.

Ni ce dai,
Uwar Rigima

*

Malam, maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan karon ba sai na tambayi jikinka ba, na gani da idona. Ka rame, Malam. Tarin ma yana nan, kada ka ce mini ƙura ce.

Ranar da ka fara fitowa ban san na miƙe tsaye ba. Gandiroba ya ce tun safe mutanen ɗakinku suka hana ka sakat, wani ya ɓoye maka takalmi ya ce ba zai bayar ba sai ka yi alkawari, wani ya goge maka riga da hannu, har bakin ƙofa suka rako ka kamar masu kai yaro makaranta. Allah ya saka musu da alheri, ko me suka aikata a waje. Ka zauna kanka a ƙasa, abin da ya fara fitowa daga bakinka shi ne wai na yanka littafin a tsakiyar jimla. Na ce ai da gangan ne. Na ga gefen bakinka ya motsa, na koma gida da wannan kamar an ba ni kyautar gida da mota.

Amma yau wata guda ke nan muna haka. Ka fito, ka karɓa, ka gyara mini tsarin gasa, ka ce littafin da na sa a watan gado na watan mayaudara ne, ka tambayi Mama, lokaci ya cika ka tashi. Ko sau ɗaya ba ka ɗago ka dube ni ba. Maganar da ka aiko Yaya da ita kuma ba ka janye ba.

Ni kuma ga abin da na koma yi: littafin ya kusa ƙarewa, sai na shiga ƙara sirance kashin, abin da ya kamata ya zama ɗaya in raba shi uku. Jiya na zauna da reza a hannu ina lissafin yadda zan ja ragowar har ƙarshen shekara, sai na ji kunyar kaina ta kama ni. Yaushe na zama mai jan mijinta da takarda kamar ana jan akuya da ganye? In littafin ya ƙare fa? Sauran duk ka karanta su, ba ni da wani koren littafi a kanta.

Saboda haka ga ragowar nan gaba ɗaya, har shafin ƙarshe, bangon da na cire kuwa zan ajiye maka. Ku karanta ku huta, ba wanda zai ƙara tura ka. Ranar ziyara zan zo in zauna a bencin nan ba komai a jakata. In ka fito, na san don wa ka fito. In gandiroba ya zo ya ba ni haƙuri, zan tafi wurin Yaya in ce masa na karɓi saƙon. Ina rubuta wannan ina kuka, kada ka ga rubutun ya karkace ka ce ban iya riƙe biro ba.

Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Matarka har zuwa ranar,
Uwar Rigima

*

Zuwa ga Uwar Rigima,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Ya yatsan, ya warke? Tarin da sauƙi, an ba ni magani.

Saƙo ya iso. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya kwana biyu bai riƙe biro ba.

Akwai ɗan ɗakin karatu a gidan nan, kanta biyu ce kacal, kuma koren littafin yana ciki, cikakke, ba shafin da ya ɓata. Na karance shi tun watan da aka kawo ni, don a lokacin na ɗauka ritayar tawa ke nan. Na san wanda ke bakin ƙofa tun kafin ki sa reza. Mutanen ɗakinmu ba su san da shi ba, ni kuma ban faɗa musu ba. Na bar su suna tura ni ne saboda ƙafata ta ƙi zuwa da kanta, kunya ta riƙe ta. Ban iya duban ki ba don ina ganin abin da na jawo miki a fuskarki.

Kada ki je wurin Yaya. Ki zo ranar ziyara, ki bar jakar ma a gida. Ba mai rako ni wannan karon, in na ɗan makara ki jira ni, ina tafe.

Mijinki,
Malam