Na ɓoye ma ɗiyar wana yankan tufa

Assalamu alaikum, Hajiya mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku zage ni, zagin da nike ma kaina ya isa.

Ni tela ce, shagona na bakin kasuwar Malanville. Da can na koya ma wata yarinya aiki kaf, ban rage komi ba. Ana yaye ta, ta buɗe shago daura da nawa, matan Gaya da ke ƙetaro gada su kawo min ɗinki duk sunka koma wurinta. Ranar na rantse ba wadda za ta ƙara ganin yadda nike yanka. Gida nike yanke tufa, in kawo ma masu koyo su haɗa.

Sai ga wana, manomin albasa a Garou, ya kawo min ɗiya tai Rakiya. Ta faɗi jarrabawa sau biyu, ta bar lakwal. Ya ce, "Ga ta nan, ki ba ta abin da ba mai ƙwace mata." Na ce to. Shekara ukku tana guga, tana sa maɓalli, tana kalmasa. In ta ce, "Gwaggo, yaushe za ni riƙa almakashi?" sai in ce hannunta bai faɗa ba. Jinina fa! Mi ta yi min? Wane ciniki za ta ƙwace min daga Garou? Kullum ina cewa wata mai zuwa zan nuna mata, ban nuna ba.

Wana bai san komi ba. Ya saida albasa tai ya sai mata keken ɗinki, ya bi gida-gida yana faɗin ɗiya tai ta ƙware, iyaye sunka tara mata yadin kaki na 'yan lakwal tun ba a yi bikin yaye ba. Jiya ta shigo shago da ƙulli, ta kwance gabana. Riguna ne, wuya ya karkace, hannu guda ya ɗara guda, yadin mutane ya lalace. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Gwaggo, ashe gaskiya ne kaina ba ya ja. Boko ya gagare ni, ɗinki ma ya gagare ni. Ke kin yi iyakar ƙoƙarinki." Har haƙuri ta ba ni wai ta ɓata min suna.

In na yanke mata sauran yadin a ɓoye, ƙarya ta ci gaba, kuma ta tafi da yarda cewa ita daƙiƙiya ce. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan dubi wana, shi da ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu? An kusa komawa lakwal, iyaye na jiran kaki, Rakiya kuwa tun jiya ta ƙi taɓa keken.

Jama'a, ku taimake ni. Me zan yi?