Rumbun Baba Arzika Ba na Tawaye Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Kumandan,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Nomau, tela ne ni a kasuwar Filingue. Allura na sani, ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. Abin da ya sa na yi yau shi ne, kwana goma sha ɗaya ke nan da jandarmominka suka buɗe rumbun wani tsoho a ƙauyenmu, Baba Arzika, suka tarar da bakunkuna da kwaruruwa da masu da takubba, suka tasa ƙeyarsa gidan kaso wai yana shirin tawaye. An kuma ce ranar kasuwa mai zuwa za a ƙone kayan a bainar jama'a. Ɗaya daga cikin kwaruruwan nan nawa ne, don haka ina da bakin magana.

Na farko, ranka ya daɗe, ba ka san wanda ka kama ba. Baba Arzika tsohon soja ne. Nasara suka kwashe shi yana saurayi zuwa yaƙinsu a ƙetaren teku, ya baro yatsu uku a can. Mu Kurfayawa muna alfahari da soja, amma shi tun da ya dawo bai taɓa ba mu labarin jarumta ba. Ran da aka ɗaga tutarmu ta 'yancin kai kowa na rawa, shi kuwa cewa ya yi Allah ya sa wannan tuta kada ta taɓa neman jinin 'ya'yanmu. Mutane suka ce yaƙi ya taɓa masa kai.

Na biyu, ga yadda ƙarfe ya shiga rumbun hatsi. Lokacin da fari ya tsananta, makiyaya suka gangaro daga arewa da abin da ya rage musu na dabbobi. Rijiya ɗaya, baki dubu. Aka fara da zagi, aka koma sanda, aka kai ga jini. Sai tsohon nan ya shiga bin gidaje da rugage a ƙasa. Ba ya wa'azi. Zai zauna a ƙofar mutum ya taya shi tufkar igiya, in zai tashi ya roƙi a ba shi ajiyar makami har ranar da za a ci sabon gero. Wanda ya yarda, sai ya yagi ƙyallen rigarsa a ɗaura wa kayansa don shaida. Musulmi ya shafa fatiha, mai bin addinin kakanni ya rantse da ƙarfe, Baba kuma ya yi alkawarin ba mai taɓa ajiyar. Damina uku ba a ci sabon gero ba, shi ya sa kayan suka daɗe. Da jandarmominka sun duba da kyau, da sun ga saƙar gizo-gizo a kansu. Wane ɗan tawaye ne ke tara makaman manoma da na makiyaya wuri guda, kowanne da shaidar mai shi?

Na uku, haƙurinsa. Sau biyu sulhu yana rushewa a idonsa, mutane suka zo suka karɓe kayansu suna yi masa dariya, suna kiransa sojan igiya. Washegari ya ɗauki sandarsa ya soma daga gidan farko. Ni ina salla biyar, shi ba ya yi, amma wallahi a wurinsa na ga abin da malamanmu ke nufi da haƙuri.

Ni ne na fi kowa ba shi wahala. A bakin rijiyar nan aka sari ƙanena Idi, ya cika a hannuna. Na shafa wa kibiyoyina dafi, na san wanda nake nema. Baba ya yi wata bakwai yana zuwa rumfata duk ranar kasuwa. Na zage shi, na taɓa watsa masa ruwan wanki a ƙafa. Ya share, ya ce gobe ma rana ce. Ranar da na miƙa masa kwarin, shi ya yi kuka, ba ni ba. Kunyar abin da na yi masa har yau ba ta sake ni ba.

Na huɗu, maganar ƙonawa. In aka ƙone kayan nan, amanar Baba aka ƙone. Maƙeri yana nan, cikin mako guda zai ƙera sababbi, kuma ba wanda zai sake miƙa wa kowa ko wuƙar yankan farce. Tun yanzu samari sun fara cewa dama sun faɗa. Na kai wa Baba fura jiya, ban ji ya koka da kaso ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko ana bin layi a rijiya.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. A saki Baba Arzika. A mayar da kayan rumbunsa yadda suke, kowanne da ƙyallensa, in ka so ka ƙara naka kwaɗon a kan ƙofar.

In kuwa shawara ta kai ga a raba wa kowa nasa, to nawa kada a ba ni. Wanda ya kashe Idi yana shayar da shanunsa a rijiyar nan kullum da hantsi, muna haɗa ido. Ni kuma ban gama yarda da hannuna ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya saukar mana da ruwa mai albarka.

Wassalam.

Nomau Tela,
Kasuwar Filingue.