Guntun-Riga Zai Je Farautar Ɓauna

Hampton, Arkansas
Farkon Afrilu

Uwargida Verlene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki haƙurin jinya. Ki ce surukinta yana gaishe ta, in ta tuna tana da shi.

Bayan haka, ya zama dole in sanar da ke wani babban al'amari kafin ki ji shi a bakin baƙo: yayanki Odell ya sayi gajeren wando. Ranar Asabar gwiwoyinsa suka ga rana, karo na farko tun yana firamare, farare fat kamar figaggun kaji. Wai haka mafarauta suke sawa a Afirka.

Kin tafi kafin bikin cin kifin ƙungiyarmu ta mafarauta, don haka ga yadda aka yi. Hoyt Beasley, shugaban sansanin farautarmu, ya jefa sunan Odell cikin ƙuri'a don a yi dariya, sai ga ƙuri'a ta faɗa kansa: farautar ɓauna a Mozambik, watan Yuli. Mutumin da tun muna samari bai taɓa kayar da barewa ko ɗaya ba. Kin san dokar sansani, wanda ya harba bai samu ba a yanke masa bayan riga a kafa a bango. Bangon gabas kaf na Odell ne, daga nan ya sami sunan Guntun-Riga. Hoyt ya ce in aka ɗinke su za su isa labulen coci, kuma ya shawarce shi ya tafi da riguna fiye da harsashi.

Shi dai ya ɗauki abin da gaske. An yi masa allurai hannu biyu, ya karɓo maganin zazzaɓin sauro. Kullum da yamma yana zagaya makiyayarsa cikin sabon takalmi don ya yi laushi, tsohon baƙin san nan nasa, Dikin, yana biye da shi yana ɗingishi, yana laluben busasshen burodi a aljihunsa. Tun rasuwar matarsa Nadine ban ga ya yi doguwar hira da kowa ba sai wannan sa da mu.

Na ara masa littattafan mafarautan da, waɗanda suka ƙarar da rabin namun nahiyar sannan suka koma gida suka rubuta irin ƙaunar da suke mata. Ya dawo mini da su, ya ce babin tsuntsaye ya fi daɗi.

Gida lafiya. Tumatirinki biyu sun mutu, ba da hannuna ba.

Mijinki,
Thurman

Hampton
Tsakiyar Mayu

Verlene tawa,

Ina gaisuwa, ina kuma murnar jin Mama ta fara cin abinci. Ke yaya bayanki? Ki daina ɗaga ta ke kaɗai.

Na gano wani abu, kuma ina alfahari da kaina. Na raka Odell ramin tsakuwa ya gwada babbar bindigar da aka ara masa, wadda harsashinta ya kai yatsana. Ana ɗora ta kan sanduna uku, a harba a tsaye, kamar yadda za a sa shi yi a can. Hoyt da kansa ya gwada ta makon jiya, ta fasa masa gira. Odell ya harba sau uku, na je na duba takardar da aka kafa masa ya harba. Murfin kwalbar zuma zai rufe ramukan duka.

Na ce, suruki, me ke nan? Ya ce sa'a ce, Malam. Na sa ya sake. Haka dai.

Verlene, yayanki bai taɓa kuskuren barewa ba. Sama da kanta yake harbi, ya bar ta ta gudu, ya dawo ya juya baya a yanke masa riga, ya yi dariya tare da mu, ya soya mana dankali. Shekara da shekaru. Da muna dawowa a mota ya ce, don Allah Malam, a bar wannan tsakaninmu. Shi wutar sansani yake zuwa wa, da surutu.

Na sami wasiƙarki da kika ce in kama bakina a kan duk abin da ya shafi Odell. Ta zo a makare, kuma ko ta zo da wuri ban yi miki alkawari ba. Labari mai daɗi irin wannan, a hannun mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da tarihi ga yara masu barci? Na ba da shi ranar Juma'a ana cin nama, na ƙawata shi. Na zaci za a fashe da dariya. Wasu sun yi. Hoyt bai yi ba. Ya ce ashe mu ne sakarkarun, ashe duk ƙatuwar barewar da ta kuɓuce masa ta gefen kogi Guntun-Riga ne ya kora. Ya ce wa Odell, to Waliyyi, sansani ba gidan marayu ba ne. Ko ka zub da jini kafin Yuli, ko ka kwashe tsummokaranka, kada ka je ka kunyata mu gaban baƙi.

Ba lokacin barewa ba ne, aka rasa abin da za a harba. Ni na tuna musu cewa likitan dabbobi ya ce Dikin da wuya ya wuce sanyin bana, ga shi baƙi, ga faɗin ƙirji, kusan ɓauna. A ganina taimako na yi wa kowa: sa ya huta, Odell ya riƙe kujerarsa a bakin wuta, ya kuma saba kafin ya tsaya gaban dabbar da ba ta karɓar burodi. Kada ki ɓata rai. Maza haka suke wasa, ba mai mutuwa.

Naki,
Thurman

Hampton
Ƙarshen Yuni

Verlene,

Ina fatan kina lafiya, ke da Mama. Na ji shiru, na kuma san dalili. Tunda kin ƙi tambaya, bari in faɗa.

An yi abin ranar Asabar ɗin farko ta watan nan. Mota biyar muka je. Hoyt ya shiga makiyaya da alli ya zana da'ira a kafaɗar Dikin, daidai inda littattafaina suka ce, san yana lasar hannun rigarsa. Aka kafa sanduna. Odell ya fito da gajeren wandonsa da sabon takalmi. Ya dube ni sau ɗaya, ni kuma na sami abin dubawa a agogona.

Da san ya hango shi, sai ya taho da ɗan gudunsa na gurgu, kamar kullum. Mutane suka fara ihu, ga ɓauna ta kawo hari, Guntun-Riga, ka kare mu. Odell ya jira har san ya matso, ya ɗan juya masa kafaɗa. Harbi ɗaya, tsakiyar allin. Hoyt ya dangwalo jini ya shafa masa a kumatu, yadda ake wa yaro ranar barewarsa ta fari, ya ce barka da zama namiji, kana da furfura. Da yamma aka gasa haƙarƙari. Aka miƙa masa faranti, ya karɓa, ya ci. Naman ya yi tauri.

Ya riƙe kujerarsa, kamar yadda na ce. Sai dai bai sake zama a kanta ba. Washegari ya je sansani ya cire rigunansa daga bango, ya jera ƙusoshin a kan tebur. Bindigar da takardun tafiya na tsince su a bakin ƙofarmu. Hoyt ne zai tafi a madadinsa, har ya auna bangon falonsa inda zai rataye kan ɓauna.

Na je wurinsa sau da yawa. Yana gaishe ni da ladabi, ya ce sannu da zuwa, Mista Pickett. Ba Malam, ba suruki. Ya rame. Jiya da yamma na tarar da shi a jikin shinge, cikin takalmin nan, aljihu cike da burodi, yana kallon ciyawa. Bai ji tsayuwar motata ba, ni ma ban fito ba.

Kin ce in kama bakina, na ce ba mai mutuwa. Ban yi daidai ba. In Mama za ta iya mako ɗaya a hannun ƙanwarki, ki zo. Ke zai buɗe wa ƙofa.

Thurman