Farin da ke kan hancina

Litinin, 8 ga Afrilu

Ƙurajen nan sun dawo. Jajaye, sun yi cincirindo a kan hanci, daidai inda nake shafa farin kwalliyar wasa. Shekara talatin ina ɗan barkwanci a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Yaya Kue, hancin nan bai taɓa ba ni kunya ba sai bana. Na ƙara kaurin farin, ba wanda ya lura. Ina jin dai ba wanda ya lura.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Matata Giok-lan ta ce zafi ne ya yi mini yawa a jiki. Ta hana ni soyayyar gyaɗa, ta haɗa ni da romon kabewa mai ɗaci. "Sha, tsohon biri. Da hancin nan muke ci." Kamar ban sani ba.

Asabar, 13 ga Afrilu

Al'adarmu ce, ba mai taɓa kayan kwalliya sai ɗan barkwanci ya ɗiga fari a hancinsa. A da ina jin daɗin yadda kowa ke zaune yana jirana, har mai fitowa a sarki. Yau ji na yi kamar an tsayar da ni tsirara a kasuwa. Buroshi ya taɓa ɗaya daga cikin ƙurajen ya fashe, farin ya koma ruwan hoda. A-Kiat, wanda ke fitowa a soja, ya ce, "Kawu, yau da jan wake aka yi tuwon?" Aka kwashe da dariya. Na taya su, raina a ɓace.

Talata, 16 ga Afrilu

Sun ƙaru. Ƙaiƙayi kamar in cire hancin in ajiye.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na je asibitin fata a birnin Tainan ban gaya wa kowa ba. Likitar sa'ar 'yata ce. Ta duba da gilashi, ta ce ba mugun ciwo ba ne, fatar ce ta gaji da farin. Ga man shafawa, ga ƙwayoyi, amma in bar kwalliya har ƙarshen zafi. In na ƙi, hancin zai kumbura ya yi kauri, kuma ba zai koma ba. Na ce bikin allahiya Matsu ya kusa, mu ne a dandamalin gaban haikali. Ta ce, "Baba, hanci ɗaya gare ka." Yarinya ba ta san wanda ya tashi daga kujerarsa a sana'ar nan ba ya dawowa ya tarar da ita ba.

Tsoro nake ji. In babu farin, ni wane ne? Wani tsoho mai jan hanci.

Litinin, 22 ga Afrilu

Da safe man likita, da rana farin a kai. Ana magani kai yana kaba. Giok-lan ta ga kwalbar a aljihuna, ta daina yi mini magana, romon dai bai daina zuwa ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Na kama A-Kiat bayan motar kaya yana kwaikwayon tafiyar agwagwa da nake yi a wasa, 'yan kiɗa suna riƙe ciki. Ashe ya daɗe yana yi. Munafuki. Abin haushin, ya iya.

Yaya Kue ta ja ni gefe. "Ƙanena, ba korar ka nake ba. Amma jiya wata tsohuwa a layin gaba ta tambaye ni ko ba ka da lafiya. Mutane ba sa dariya in suna jin tausayi." Na ce ranar biki ni zan fito, ko da hancin zai faɗi ƙasa.

Laraba, 1 ga Mayu

Ranar bikin. Na zauna gaban madubi, kowa na jira, ƙarar abin wasan wuta ta cika unguwa. Hancin ya kumbura yana ruwa. Na shafa farin ya zame, na sake ya zame. Ba mai taɓa nasa kayan kwalliyar, ga ganga ta fara kira a waje.

Na ce, "Kai, soja, zo nan." A-Kiat ya zo ya durƙusa. Ya buɗe baki, na ce ya rufe kafin in fasa. Ni na zana masa farin a hanci da hannuna, don na san in ya yi da kansa karkacewa zai yi. Na goge fuskata na fita ta baya.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ba kallo na je ba jiya, inuwa na nema, kujerar roba ce kawai ta zo kusa da dandamali. Giok-lan ta rantse ta ji dariyata har wajen masu sayar da tsire. Tari ne.

A-Kiat ba laifi dai. Amma yana saurin faɗuwa, ba ya bari mutane su ja numfashi tukuna. Na aika masa ya zo gobe da safe in nuna masa, kada ya zubar da mutuncin ƙungiya. Na ce ya taho da tabarma mai kauri, abin zai ɗauki lokaci.