Ƙodata ta Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Sakamakon gwajin Yaya ya fito. Likita ta ce bai dace ya ba Baba ƙoda ba, ba ta ƙara komai a kai ba. Mama ta zauna a bakin gadon Baba. Yaya ya fita wai zai sayo ruwa, bai dawo ba sai la'asar.

Kawai sai na ji bakina ya ce, "A gwada tawa." Ni da ko baƙi ba na iya gaisarwa sai kaina a ƙasa! Goggo ta rungume ni tana cewa, "Auta ta fi maza zuciya." Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Sai na ga kaina kamar yarinyar littafin da nake karantawa, wadda ta sadaukar da komai, kowa yana kuka a kanta.

Alhamis, 6 ga Maris

Sun ɗebi jini kwalba biyar. Na kusa suma. A littafi ba a faɗin yadda allura take.

Asabar, 8 ga Maris

Na share shagon Baba. Keken ɗinki a rufe, rigar wani na nan da hannu ɗaya tun watan jiya. Sau uku a mako ake kai Baba wankin ƙoda, awa huɗu kowane zuwa. Ban taɓa shiga ɗakin ba, daga ƙofa nake juyawa, ba na iya kallon jininsa yana zagayawa a cikin roba.

Goggo ta gaya wa duk layinmu. Har mai shagon kusa ya ce, "Ga jarumar gida!" Na sunkuyar da kai na ci gaba da shara.

Talata, 11 ga Maris

Jinina ya zo daidai da na Baba. Ta hagu za su cire, in ji su. Ina ta dafa wurin.

Laraba, 12 ga Maris

Yau likita ta kira ni ni kaɗai, ta hana Mama shiga. Ta ce haka ƙa'idar take ga duk mai bayarwa. Ta rufe ƙofa, ta tambayi shekaruna. Na ce sha takwas da wata ɗaya. Ta ce, "Wa ya ce ki bayar?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To wa zai ji haushi in kin fasa?"

Ta yi mini bayanin yankan, da jinyar, da yadda zan riƙa zuwa ana duba ni har tsufana. Sannan ta ce, "'Yata, in ba kya so, ni kaɗai za ki gaya wa. Zan ce musu ba ki dace ba, ba zan faɗi dalili ba. Kuma ba ƙarya na yi ba, wanda zuciyarsa ba ta yarda ba bai dace ba."

Bai dace ba. Abin da ta ce kan Yaya ke nan, babu ragi.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban yi wa Yaya magana ba kwana biyu. Wataƙila da gaske jininsa ne bai zo daidai ba. Wataƙila. Amma me ya sa ba ya iya haɗa ido da Baba? Ya ce, "Auta, wai gaba kike yi da ni?" Na ce kaina ke ciwo. Matarsa na da ciki wata bakwai, shi kuma lodin kaya yake yi da ƙarfinsa. Na sani. Duk da haka ina jin haushinsa, don ya bar mini.

Na buɗe littafina, na rufe. Ita yarinyar ba ta taɓa jin tsoro ba ko a shafi ɗaya. Ƙarya ne.

Lahadi, 16 ga Maris

Ina yanke wa Baba farce ya ce, "Ke da kyankyaso ke kora daga ɗaki, ke ce za a yanka?" Na yi dariya, sai hawaye. Ya yi kamar bai gani ba, ya miƙo ɗaya hannun.

Talata, 18 ga Maris

Na koma ɗakin likita. Ta rufe ƙofa. Abin da na faɗa mata ba zan rubuta ba ko a nan.

Alhamis, 20 ga Maris

Ta gaya musu ban dace ba. Za a sa sunan Baba a layin masu jiran ƙoda, ba wanda ya san tsawonsa. Goggo ta yi ta salati tana cewa asibitin nan ba su san aikinsu ba. Baba ya rufe ido ya ce alhamdulillahi, a hankali, ni kaɗai na ji. Ban san ko ya gane ba. Ba na son in sani.

Yaya ya zo ya zauna kusa da ni a benci. Ban matsa ba.

Asabar, 22 ga Maris

Ni na raka Baba wanki, don Mama ta gaji ne kawai. Na shiga ciki. Na zauna a gefen injin, ɓangaren da robar take, na karanta masa littafina. Ya ce saurayin yarinyar littafin sakarai ne, ko sana'a ba shi da ita. Mun tsaya a babi na shida.

Ya ce in zo da littafin ranar Talata. Na riga na sa a jaka.